Wa zai yi wa tsoho wanka? Wasiƙa daga Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya yara, da fatan kowa lafiya. Mu ma nan alhamdulillahi, sai sanyi da gajiyar aiki.

Wasunku sun san aikin da nake yi, gida-gida nake bi wajen tsofaffi da masu lalura ta musamman, in tashe su in yi musu wanka in canza musu kaya in ba su magani, wani ma sai na ba shi abinci a baki. To kwanaki muna hira da wata abokiyar aiki a mota tsakanin gida da gida, ta ce ita a ganinta wannan kulawar haƙƙi ne na ɗan adam kamar yadda zuwa asibiti yake, ni kuma na ce mata ai dama haka ne, ta yi dariya ta ce lallai har yanzu ke baƙuwa ce.

Ashe gaskiyarta. Kun san NHS, tsarin lafiyarsu da aka kafa a 1948, ka je asibiti a yi maka tiyata ko kwabo ba za a karɓa ba. Amma wanka da ciyarwa da kai mutum bayan gida ba a sa su cikin wannan ba, sai ƙaramar hukuma ta zo ta duba lalurarka sannan ta duba aljihunka. Idan abin da ka mallaka ya haura fam 23,250 kai za ka biya wa kanka, kuma wannan adadin tun 2010 ba a taɓa shi ba duk da tsadar rayuwa. In gidan kula da tsofaffi za ka koma na dindindin har gidanka ana sawa a lissafi, sai dai a wasu halaye, kamar in matarka ko mijinki na zaune a ciki.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan: mutum biyu maƙwabta, ɗaya ciwon daji ya kama shi, gwamnati ta ɗauki nauyin maganinsa kaf, ɗayar kuma gigin tsufa ne, ba ta gane 'ya'yanta, tana kunna gas ta manta, ita yawanci daga ajiyarta za a riƙa cira har ta kusa ƙarewa. Don Allah wa ya zaɓi cutar da za ta same shi? Akwai wata baiwar Allah da nake zuwa wajenta da safe, minti talatin aka rubuta min, a ciki zan yi wanka da karin kumallo da magani, ranar da ta tashi da kuka kuwa ban san wanne zan bari ba.

Ba wai ba su san matsalar ba fa. A 2011 wani kwamiti da gwamnati ta kafa, kwamitin Dilnot, ya ba da shawarar a sa iyaka ga abin da mutum zai kashe kan wannan kulawar a rayuwarsa, daga baya aka ce fam 86,000, aka ɗaga ranar farawa, a 2024 sabuwar gwamnati ta soke shi baki ɗaya wai babu kuɗi. Alhali nan kusa a Sikotland tun 2002 irin wannan kulawar ta jiki kyauta ce ga wanda ya kai 65, a 2019 suka haɗa da waɗanda ba su kai ba. Jamus ta yi inshora ta musamman ta irin wannan kulawar a 1995, Japan a 2000, a Japan ɗin da ka kai shekara 40 ka fara zubi.

Na san wani zai ce ai wannan aikin 'ya'ya ne, me ya kawo gwamnati. Ban musa ba, kuma a nan ma iyalai ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, sau da yawa mace guda ce ta ajiye aikinta ta zauna, bayanta ya lalace wajen ɗaga babba. To wanda bai haihu ba fa? Wanda ɗansa shi ma yake kwance fa?

Ni dai ra'ayina haƙƙi ne, kuma ma an rubuta, sashe na 25 na sanarwar haƙƙin ɗan adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ambaci tsufa da rashin lafiya da nakasa ƙarara. Sai dai rubutu ba ya ɗaga mutum daga gado. In ba a faɗi wanda zai biya ba, ba a kuma biya masu aikin abin da zai sa su zauna ba, tsohuwar nan minti talatin ɗinta za ta ci gaba da samu.

Bari in tsaya nan, ƙarfe shida zan fita gobe kuma gida bakwai ke jirana. A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Taku,
'yar uwarku a Ingila