Fararen ƙwayoyin Umma

Talata, Jos.

Daren jiya sau biyar na ji ƙarar butar Umma tsakanin isha'i da asuba, a wannan sanyin na Disamba da ko yatsa ba ka son fitarwa daga bargo. Da gari ya waye na ce yau kam sai asibiti. Ta yi ta gunaguni cikin Keke tun daga Unguwar Rogo, wai tsufa ne kawai.

Wajen hoton mara aka ce sai mafitsara ta cika. Ta shanye ledar ruwa uku, ta zauna kan benci tana matse ƙafafu. "Ke 'yar nan, je ki ce musu in ba su kira ni ba, ba ruwana." Bayan ta zaga aka sake dubawa. Bangon mafitsarar ya yi kauri, kuma fitsarin ba ya fita duka.

Likita ta tambayi magungunan da take sha. "Farasitamol kawai, 'yata." Ni kuwa na zuge jakarta na ciro ƙullin leda. Prednisolone ne, ƙananan farare masu miligiram 5. Shekara uku ke nan tana saye a wani kemis saboda ciwon gwiwa, ba takarda ba komai. Likitar ta ɗago ta dubi fuskar Umma da ta yi zagaye kamar faranti. Kunya ta kama ni, don mu a gida cewa muke hutu ne ya karɓe ta.

Bayanin da likitar ta yi ya zauna min. Irin wannan magani, shi da dexamethasone da 'yan mata ke haɗiya don su yi ƙiba, idan aka daɗe a kansa yana ɗaga sukarin jini, sukari kuma ya sa yawan fitsari. Yana kuma raunana garkuwar jiki, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a mafitsara, yau lafiya gobe zafin fitsari. Kumburin da ke ta maimaituwa yana iya sa bangon ya yi kauri, sukarin da ya daɗe kuma ya taɓa jijiyoyin da ke sanar da mutum mararsa ta cika. Gobe za a auna sukarinta kafin ta karya, in ya kai 7 akwai magana.

Ni da na so in watsa ƙwayoyin a kwata, likita ta ce kul. Akwai wasu 'yan ƙananan sassan jiki a saman ƙoda da ke samar da irin sinadarin da ke cikin maganin, dogon shan magani ya sa sun yi kwance. A yanke lokaci guda, jini na iya faɗuwa mutum ya sume. Sai dai a riƙa ragewa sannu a hankali.

Na manna takardar ragin a jikin sif ɗinta, ƙwayoyin kuma suna ɗakina. Ta ce na mai da ta yarinya, ta ƙi cin tuwona. Yanzu sha ɗaya saura, ga ƙarar butar can.