Shekara biyu ina ciyar da kyanwoyina da ɗanyen nama na kamfani

Fitsari ne ya kai ni ga ɗanyen nama. Wani dare muzuruna, Toka, ya yi ta zarya zuwa akwatin yashinsa, ya tsuguna ya yi nishi, ya fito bai ajiye komai ba sai ɗigo biyu ko uku masu ja-ja. Gari na wayewa muka nufi wurin likitar dabbobi. Ta lalubi mararsa, ta ce mun taki sa'a hanyar ba ta toshe gaba ɗaya ba, domin muzuru idan fitsari ya tsaya masa cak, kwana ɗaya zuwa biyu sun isa a rasa shi. Ta ba da magani, sannan ta tambaye ni abin da yake ci. Na ce busasshen abincin nan mai ƙwaya-ƙwaya, tun yana ƙarami.

Ta ce, "Malam, ruwa nake so ya riƙa shiga cikinsa, ko ta wace hanya."

Ba ta ambaci ɗanyen nama ba. Abincin gwangwani mai ruwa-ruwa ta ce. Ni ne na dawo gida na kwana ina karance-karance, har na shawo kan kaina cewa akwai abin da ya fi gwangwani.

Hujjar kuwa tana da daɗin ji. Kakannin kyanwar gida kyanwoyin daji ne na ƙasashe masu ƙarancin ruwa, kuma har yau ba ta cika jin ƙishirwa ba, a cikin abin da ta farauto take samun yawancin ruwanta. Ɓera kusan kashi 70 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne, busasshen abinci kuwa ruwansa bai wuce kashi 10 ba. Ga shi kuma kyanwa ba irin kare ba ce da zai ci duk abin da ya samu ya rayu. An halicce ta ne a kan nama, ko zaƙi ma harshenta ba ya ganewa. To me zai hana a ba ta naman yadda yake? Kamfanoni sun riga sun ɗauke wa mutum wahalar: sun niƙa tsoka da ƙashi da hanta da zuciya, sun curo shi ƙanana-ƙanana, sun daskarar. Akwai kuma wanda aka busar da sanyi, sai ka jiƙa shi da ruwa kafin ka bayar. Na sayi daskararren, na ware masa aljihun ƙasa na firiza.

Kyanwoyina biyu ne. Macen, Ƙyalli, ta sunkuya a kan kwanon ba ta ɗago ba sai da ta lashe shi tas. Toka, wanda dominsa aka yi duk wannan, ya sansana sau ɗaya, ya juya ya shiga kartar ƙasa a gefen kwanon kamar mai binne kashi. Na ce yunwa za ta koya masa hankali, na kwashe busasshen abincin na ɓoye. Kwana ɗaya ya wuce, na biyu ya shiga, bai sa komai a baki ba. Da na kira likitar ina ba ta labari har da dariya, sai na ji muryarta ta canza. Ta ce in mayar masa da abincinsa a lokacin, ba da yamma ba. Kyanwa, musamman mai ƙiba irinsa, idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, jiki yakan kwaso kitse ya jibge wa hanta fiye da abin da za ta iya sarrafawa, hantar ta cushe, daga nan sai jinya mai tsawo, wani lokaci har da tiyon ciyarwa a wuya. Da kare ana iya yin wannan gardamar. Da kyanwa ba a yi.

Sai da muka ɗauki mako uku. Ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake a gefen abincin da ya saba, gobe biyu, jibi uku. Na kuma lura sanyin ne yake ƙi fiye da naman, domin abin da kyanwa ta kama a farauta da ɗuminsa take cinsa. Sai na riƙa zuba rabonsa a leda mai zif, in tsoma cikin ruwan ɗumi na minti biyar. Ban sa shi a na'urar ɗumama abinci ba, don tana dafa wani gefen ta bar wani, kuma dafaffen ƙashi ba abin ba kyanwa ba ne.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya na karatu ne. Wata huɗu ina sayen wani samfuri saboda jerin kayan da ke cikinsa gajere ne, nama da ƙashi da hanta kawai, ni kuwa a ganina gajartar ita ce alamar tsafta. Ranar awo na tafi da ledar don in yi wa likita burga. Ta juya bayanta, ta ɗora ɗan yatsa a kan wani layi mai ƙananan haruffa. An rubuta ƙarara cewa abincin na ƙari ne, na bayarwa jifa-jifa, ba wanda za a dogara da shi kullum ba. Akwai ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi: a Amurka ƙa'idojin AAFCO ake bi, a Turai na FEDIAF, kuma duk abincin da ya cika ma'auninsu za ka ga an rubuta cewa cikakke ne, an kuma faɗi ko na 'yan kyanwa ne ko na manya. Nawa bai ce haka ba. Hoton kaza da ganye a gaba na tsaya kallo.

Abin da ya sa wannan layin yake da nauyi shi ne jikin kyanwa ba ya haɗa wasu sinadarai da kansa yadda ya kamata. Babban cikinsu torin ne. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, ƙarƙashin Paul Pion, suka nuna cewa ƙarancinsa a abinci ne yake sa zuciyar kyanwoyi ta buɗe ta yi laushi har ta kasa harba jini, kuma idan aka mayar da shi da wuri zuciyar kan farfaɗo. Rashinsa yana kuma cin ganin ido, wanda shi ba ya dawowa. Nama yana da torin, amma ba kowane yanki ne yake da shi daidai ba: zuciya da cinya sun fi ƙirji, kuma wani yakan bi ruwan da ke tsiyayewa lokacin narkewa. Tun daga ranar na daina zubar da jan ruwan da ke taruwa a gindin roba, tare nake juye shi a kwano. Haka batun kalsiyam. Tsoka zalla fosfaras ne ya cika ta, kalsiyam ɗinta kaɗan ne, in aka daɗe a kanta jiki sai ya koma yana zara daga ƙashin dabbar. Gwajin da aka yi wa nawa ya fito lafiya, amma sa'a ce, ba dabarata ba.

Shi ma ƙashin idan ya yi yawa wata matsalar ce. Na gwada wani na zomo, cikin mako guda kashin Ƙyalli ya koma fari, busasshe, yana marmashewa kamar alli, tana daɗewa a tsugune. Na koma wani samfurin, abin ya wuce. Akwatin yashi ya zama jaridata ta safe.

Ba zan ɓoye abin da na gani na alheri ba. Dunƙulen fitsarin Toka a yashi ya ninka girma, ciwon bai sake dawowa ba. Kashinsu ya ragu, warinsa ma haka, wanda duk mai kyanwa a ɗaki ya san wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Gashin Ƙyalli ya yi santsi. Toka ya sauke kusan rabin kilo a hankali, daga biyar da rabi zuwa biyar, sai dai wannan sikeli zan gode wa. A da cika kwano nake yi in tafi. Ɗanyen nama ba ya zama a kwano, dole ka auna. Na fara da abin da aka saba faɗa, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin jiki a rana, wato tsakanin giram 100 da 150 ga kyanwa mai kilo biyar, a raba biyu, sannan na riƙa gyarawa. Duk mako biyu nakan hau sikeli rungume da shi, in sauke shi in sake hawa, in cire. Idan na zauna na yi wa kaina adalci, ruwa da awo ne suka yi yawancin aikin, kuma da gwangwanin da likita ta ce tun farko zan iya samun duka biyun.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Na shiga harkar ina tunanin cikin kyanwa, ashe hannuna ne abin dubawa. Tsakanin 2010 da 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobin gida, ta sami ƙwayar cutar Salmonela a 15, ta Listeriya a 32. A 2012 ɗin ne ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fitar da matsayar cewa ba ta goyon bayan ciyar da su ɗanyen nama. Na daɗe ina zaton firiza na kashe ƙwayoyin cuta. Kwantar da su kawai take yi, da naman ya narke su farka, Listeriya ma har a cikin sanyin firji tana hayayyafa. Kyanwa tana iya cin naman ta zauna garau, amma tana fitar da ƙwayar a kashinta. Kuma ka dubi yininta: ta ci, ta lashe tafin hannu, ta shafe fuska, ta lashe jiki daga wuya har wutsiya, ta hau teburin girki, da dare ta zo ta goga kumatu a haɓarka.

Don haka na kafa doka. A firji ake narkarwa, cikin roba mai murfi, a can ƙasa inda ba zai ɗiga kan komai ba, kuma abin da ya narke ba ya wuce kwana biyu. Kwanon ƙarfe, don na roba yana karcewa ya riƙe datti. Cokalinsu daban, soson wankinsu daban. Abin da ba a cinye cikin rabin awa ba, shara. Na koma sayen wanda aka rubuta wa HPP, wato an matse shi cikin ruwa da ƙarfin da ya kai ninki dubu shida na nauyin iskar da ke kanmu, wanda ke rage ƙwayoyin sosai ba tare da an dafa ba. Ragewa ce dai, ba sharewa ba. Wata rana kuma aka bar ƙofar firiza a sakaye tun dare, da safe na tarar da abincin wata guda ya yi laushi yana zubar da ruwa. Na tsaya a kansa ina lissafi kusan minti goma kafin na yarda na zubar. Tafiya ma ta zama aiki, domin ba kowa za ka ce ya zo ya auna ɗanyen nama sau biyu a rana ya kuma wanke hannu yadda kake so ba.

Labaran waje su ma ba su bar ni na sake ba. A 2018 likitoci a Jami'ar Edinbara suka bi sawun tarin fuka irin na shanu da ya kama kyanwoyin da ba sa ko fita waje a Birtaniya, suka iske abin da ya haɗa su shi ne wani ɗanyen abinci na naman barewa. A Disamban 2024 kuma hukumomi a jihar Oregon ta Amurka suka danganta mutuwar wata kyanwa da murar tsuntsaye ta H5N1 da ɗanyen abincin talotalo da ta ci, aka janye shi daga kasuwa. Wannan cutar tana yi wa kyanwoyi mummunan kamu. Na daina sayen na kaza da na talotalo, na ci gaba da sauran.

Abin da ya kawo ƙarshen zancen a cikin gida ya faru. Matata ta sami juna biyu. Ta dawo daga awo da takardar abubuwan da za ta kiyaye, ta ajiye min ita a kan firiza, daidai saman aljihun. Listeriya tana iya jawo ɓari ko haihuwar jariri ba rai. Ga kuma Toksofilazma, wata ƙwayar cuta mai haɗari ga ɗan da ke ciki, wadda kyanwar da ba ta fita waje galibi ta ɗanyen nama ko ɓeran da ta kama take ɗaukarta. Ita kam daskarewa tana kashe yawancinta, kuma ƙwanta da ke fita a kashin kyanwa sai ya kwana ɗaya ko fiye kafin ya iya kama mutum, shi ya sa ake son a kwashe yashi kullum. Na fara jero mata waɗannan bayanai, ta bar ni na kai aya.

Ta ce, "Yallaɓai, duk na ji. Idan yaron ya fara rarrafe, kai za ka hana shi zuwa wurin kwanon, ko Ƙyalli za ka hana lasarsa?"

Ban da amsa. Cikin kwana goma na mayar da su kan gwangwani, mai rubutun nan na cikakke a baya, wanda yanzu shi nake fara dubawa kafin sunan kamfani. Wannan karon Toka ne ya karɓa ba musu, Ƙyalli ce ta yi yajin yini guda, har yau kuma da ta ji an ja aljihun firiza sai ta taho a guje. Sikelin yana nan ina aiki da shi, nakan kuma ƙara cokali biyu na ruwan ɗumi a rabon Toka in dama. Warin akwatin yashi ya ɗan dawo. Dunƙulen fitsarinsa kuwa, da nake ƙirgawa kowace safiya, uku ne, kowanne ya kai ƙwan kaza, daidai yadda suke lokacin da yake cin ɗanye.