Randa da moɗa ne suka koya min aikin lafiya

Shekara guda cur na yi ina tsayawa gaban ɗalibai a asambuli ina cewa ku wanke hannu, ku wanke hannu, har muryata ta dushe, yaran su amsa da "to Malam" su wuce. Makarantarmu tana nan cikin garin Sakkwato wajen Mabera, ni aka ɗora wa kula da tsafta.

Sai daminar 2021 da amai da gudawa ya ɓarke a jihohi da yawa har da tamu, ranar nan na zauna gindin dogonyaro lokacin tara ina kallo kawai. Yaro ya fito bayi, ba ruwa ba sabulu a wurin, ya zo ya tsoma moɗa cikin randa har wuyan hannu ya sha ya miƙa wa na bayansa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Sabulun da nake ta magana a kai yana ofis cikin durowa an kulle.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta taɓa gaya min tun taron duniya kan inganta lafiyar jama'a da aka yi a Ottawa ta Kanada a 1986 aka ce a gyara wurin da mutane ke zaune ta yadda abu mai kyau zai yi sauƙin yi, ranar na gane maganarta.

Muka ɗauke randar muka sa bokiti mai famfo da murfi. Jarka biyu muka rataye daidai ƙofar bayi, sabulu kuma muka huda shi muka ɗaure da igiya don na farko kwana biyu bai yi ba ya ɓace. In ya ƙare toka muke sawa.

Amma da na yi tafiyar sati biyu na dawo jarkokin sun bushe ƙayau, ashe komai a wuyana yake. Na samu shugaban makaranta na ce ranka ya daɗe, a sa abin nan cikin jadawali, kuɗin mai kura ya fito daga asusun iyaye, kowane aji da ranarsa ta cika jarka. Ya ɗan ja da farko saboda kuɗi, iyaye mata ne suka tsaya kai da fata a taro har aka rubuta.

Masu sayar da awara da ɗanwake ma mun sha fama kafin su yarda su rufe robobinsu. Yanzu abin da ke gabanmu watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, ruwa ya yi tsada, jarka ba ta kai azahar.