Godiyarmu ga jama'ar Zango kan takardun zauren Malam

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, kundi na ƙarshe ya bushe, ya shiga kwali. Duk kun san yadda ruwan sama ya yi da rufin zauren Malam har ya jiƙa tsofaffin takardun da ke ciki, ba sai mun maimaita ba. 'Yan kwamitin kula da kayan tarihi na unguwarmu a nan Kumasi mun gaji tilis, amma godiya ba ta jiran a huta.

Za mu fara da Hajiya mai ƙanƙara. Ta ce kada a ambace ta. Hajiya, ki yi haƙuri, ba za mu iya ba. Kundaye uku sun sha ruwa har ganyayensu sun manne, sun zama kamar curin tuwo. Tawadar malamanmu ta gawayi da ƙaro ce, ruwa na narkar da ita, don haka duk wanda ya ce zai ɓamɓare ganye a jiƙe, rubutun zai bi yatsansa. A damshin Kumasi kuwa kwana biyu sun isa funfuna ta kama takarda. Mafita ɗaya ce: a naɗe kowane kundi a leda yadda yake, a daskarar da shi, narkewar tawada ta tsaya, funfuna ta tsaya. Da tsakar dare aka buga mata ƙofa. Ba ta tambayi ko na waye ba, ta kwashe kayan sana'arta daga firiza ta zuba a baho, ta goge cikin da tsumma, ta ce, "Ku sa, karatun Malam ya fi ƙanƙarata." Kafin asuba aka ɗauke wuta. Wanda ya tsaya a tsakar gidan nan cikin duhu ya san abin da ake kira faɗuwar gaba, har sai da Baba tela ya turo janaretonsa a baro, da mansa a ciki. Allah Ya sanyaya muku kabari, Ya ba ku inuwa ranar da babu inuwa sai tasa, Ya raya muku zuriya, Ya sa abin da kuka rasa a daren nan ya dawo ninkin ba ninkin.

Mun gode wa ɗaliban makarantar dare da suka yi ta canza farar takarda tsakanin ganyaye. Ga masu tambaya a gidajensu, haka ake yi: takarda fara wadda babu rubutu a kanta, don jarida na barin baƙinta, da ta yi sanyi a cire a sa wata, fanka tana kaɗa iskar ɗaki, ba a saita ta kan takardun ba. Rana haramun ce a wannan aikin, tana murɗe ganye ta sa ya yi ƙaras. Littattafan nan ba ɗinkakku ba ne, ganye-ganye suke cikin tadarishi da gafaka, saboda haka kafin a raba su sai an sa lamba da fensir a kusurwa. Inda suka riga suka hautsine, Liman ne ya zauna da tabarau yana bin kalmar da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba ke farawa. Allah Ya ƙara wa Liman lafiya da hasken ido. Salatif da laminatin kuma, don Allah a bar su, gam ɗinsu na cin takarda.

Wasu na cewa ai tsofaffin takardu ne kawai. A cikinsu akwai wasiƙu da lissafin fatauci na goro, irin abin da iyayenmu suka taso da shi bayan yaƙin basasar garin Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa da malamai zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra. Irinsu ne Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gida-gida tana ɗaukar hotonsu a shekarun 1960.

Dangin Malam da ke ƙasashen waje, saƙonninku na murya sun iso, har da na mai tambayar nawa takardun za su yi a kasuwa. Allah Ya kawo ku lafiya, ku gan su da idonku.

Saura bangon zauren. Magini ya hana a yi masa siminti, kuma mun bi maganarsa: siminti kan ginin ƙasa yana kulle damshi a ciki, gara ta samu gida. Abin da ya faru da masallacin Larabanga na arewacin Ghana ke nan bayan an shafe shi da siminti a shekarun 1970, daga baya sai da aka kankare aka koma yaɓen ƙasa. Muna neman kwano da indararo da katakon kanta, don kwalayen su tashi daga ƙasa su kuma bar jikin bango. Mai son shiga aikin ya zo zauren ranar Asabar bayan Azahar, da hannu wankakke busasshe da fensir. Biro a bar shi a gida.