Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Na Rufe wa Dangi Ƙofa

Na yi alkawarin wannan makon zan kawo labarin komawata sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi. Sai ga shi ranar Asabar a wajen sunan jikar Kawu Babba na ji ɗaya daga cikin 'ya'yan Goggo tana nuna ni da baki, tana ce wa amaryarsu, "Ita ce fa wadda ta kulle Auta." Yarinyar da ko yaye ta ba a yi ba a lokacin. To atamfa ta jira.

Auta, ƙanena, yana koyon kanikanci a Magazin, can Suame, sa'ad da abin ya fara. Gajiya, haki, sai asuwakinsa ya riƙa fitowa ja kowace safiya. Ni na fara ganin ɗige-ɗigen jini ƙanana a ƙwaurinsa yana alwala. An yi maganin zazzaɓin sauro, an yi na taifot, Goggo ta ɗora shi kan malt da madara da miyar kontomire, wato ganyen gwaza, wai jini ne ya yi ƙasa. Da aka kai shi babban asibiti aka soka allura a ƙashin ƙugunsa ta baya aka ɗebo ɓargo, sai aka tarar kango ne, kusan duk kitse. Afilastik anemiya, haka likitar ta kira ciwon. Ɓargon ya daina yin jini, kuma duka iri ukun ne suka faɗi tare: jajayen ƙwayoyi, farare, da waɗanda ke tsayar da zubar jini. Na tambaye ta ko fetur ɗin da suke wanke hannu da shi ne. Ta ce akwai benzin a cikin fetur kuma yana cikin abubuwan da ke lalata ɓargo, haka ma wasu magunguna irin su kuloramfenikol, amma a yawancin mutane garkuwar jikinsu ce ke juyawa ta far wa ɓargon ba tare da an gano dalili ba.

Dangi duk jajayen suka sani, don su ake gani a ido da tafin hannu. Ni kaɗai aka zaunar aka koya wa karatun takardar, wata nas 'yar Tamale tana juya mini da Hausa. Mai lafiya yana da fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 da 11,000 a ɗan mitsitsin awon da suke yi. Amma likitar ta ɗora biro a layin ƙasa ta ce, "Yaya, ki bar jimillar, nan za ki riƙa dubawa." Niyutirofil, su ne ke cinye ƙwayoyin cuta da zarar sun shigo. Wani nau'in fararen, limfosayit, bai cika faɗuwa sosai a wannan ciwon ba, don haka jimillar tana iya yaudarar mutum. Niyutirofil ya kamata su haura 1,500. Ƙasa da 500 ciwon ya yi tsanani, ƙasa da 200 kuwa sai addu'a da tsaro. A takarda 0.5 ake rubuta 500 ɗin. Na Auta bai kai nan ba. Ni da na tsaya a aji shida, na zama ina buɗe takarda idona ya faɗa kan layin nan kafin na ga sunansa.

Aka ce kada ya ci ɗanyen ganyen da ake zubawa kan wake da shinkafa, ban da furar titi, ban da taro, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shi. Zafin jikinsa ya kai 38, ko tsakar dare ne a ɗauko shi.

Kun san gidanmu na Aboabo, kun san mu da dubiya. Ranar da aka sallamo shi bayan ƙarin jini, fuskarsa ta yi kyau, Goggo ta taso da matan unguwa kai tsaye daga gidan biki, ɗaya tana goye da yaro mai majina har baki. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ku gaishe shi ta taga." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, ni na yanke cibiyar yaron nan. Dubiya ba ta taɓa kashe mara lafiya ba." Na ce likita ce ta hana. Ta ce likitar 'yar zango ce? Ba ga shi an ƙara masa jini ya warke ba?

Abin da na kasa fahimtar da ita ke nan har ta koma ga Allah. Jajayen ƙwayoyi suna kai kwana 120 a jiki, shi ya sa leda ɗaya ke gyara fuska ta yi makonni. Niyutirofil kuwa ba sa wuce yini guda ko makamancin haka suna yawo a jini, sai ɓargo ya riƙa zubo sababbi kullum. Ledar jini ba ta ƙara su. Auta yana zaune yana dariya da leɓe ja, amma murar da yaron makwabta zai share da hannun riga shi tana iya kwantar da shi. Wani ƙurji da ya fito masa a cinya ko mugunya bai tara ba, don mugunya gawar niyutirofil ce, shi kuwa ba shi da waɗanda za su mutu. Wurin ya yi ja kaɗan kawai, da dare jiki ya ɗau zafi, muka kwasa a tasi.

Dubiya ba ta taɓa kashe mara lafiya ba. Goggo ta faɗa a gidan rasuwa, ta faɗa a Asawase wajen 'yan'uwan Baba, har ta aika wa na Nima a Ankara, babban birnin Ghana. Aka daina kawo mini goron gayyata. A ƙarshen Maris na 2020 da aka rufe Kumasi saboda korona, Goggon nan ce ta sa aka ajiye bokitin Veronica, mai famfon wanke hannu, a ƙofar ɗakinta, jikokinta ma sai sun wanke hannu. Na je na wanke nawa, na gaishe ta ta taga. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Allah ya jiƙan ta, amma ban ga ranar da ta janye maganar ba, ga shi 'ya'yanta sun gaje ta.

Na tsallake wani abu. Kawu Babba ma ya yi fushi, don an ƙi ɗaura wa Auta jininmu. Mun bayar an ajiye a ma'ajiya, an sa masa na bare. Dalili kuwa, in ana sa ran dashen ɓargo daga ɗan'uwa, jinin dangi yana iya sa jiki ya ƙi karɓar dashen daga baya. Kawu ya ce bai taɓa jin inda jinin bare ya fi na gida ba. Aka fara ba Auta sikulosforin don kwantar da garkuwar da ke cin ɓargon, aka ce akwai wata allura da ake samowa daga jinin doki, kuɗinta ya sa na zauna a ƙasa. Sai maganar gwajin 'yan'uwa: kowane shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu. Mu biyar ne ban da shi. Huɗu muka miƙa hannu. Wanda ya ce yana da tafiya Bawku ya san kansa, kuma mako mai zuwa da shi zan fara.