Wayar nan mai kore da rawaya, kar ku bar ta

Ƙannena masu koyon aikin wuta a Garwa da Marwa, yanzu duk wanda ya sayi firiza ko kilim (na'urar sanyaya ɗaki) ko tukunyar ruwan zafi sai ya ce a ja masa layi daban daga tablo, wato akwatin da ake raba wutar gida, kuma hakan daidai ne, waya mai kauri 2.5mm² da disjonkta (abin da ke yanke wuta in ta yi wa waya yawa) 20A nasa shi kaɗai. Amma wallahi yawancinmu nan muke tsayawa, waya biyu kawai, ta ukun wato ter, mai kore da rawayar nan da ke kai wutar da ta zube cikin ƙasa, sai a ce ai tsada.

Ni ma ina sabon hannu na ja wa wata hajiya mai sayar da ƙanƙara layin firiza, na ɗaure ter ɗin a jikin famfo na yi tafiyata, ashe ƙarfen iyakarsa bango, sauran bututun duk roba ne. Ranar da wuta ta zubo a jikin firizar 'yarta ce ta taɓa, ba takalmi ga ƙasa jiƙe, Allah ne kawai ya yi da sauran kwananta. Disjonkta bai faɗi ba kuma ba zai faɗi ba, shi aikinsa ya hana waya ƙonewa, ɗan abin da zai kashe mutum bai kai ya ji ba.

To ter ɗin kowane layi ya koma tablo, kaurinsa ɗaya da sauran wayoyin layin, daga tablo waya mai kauri 16mm² ta sauka zuwa piket, wato sandar ƙarfen da ake bugawa a ƙasa. Piket ɗin a buga shi ya nitse mita 2, kar ku yanke shi don ƙasa ta yi tauri, kun san yadda ƙasarmu ke bushewa daga Maris zuwa Afirilu, guntun ƙarfe a busasshen yashi ba abin da yake yi. In an auna ya haura om 100 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wa wuta hanya) a ƙara wani a haɗa su. Kuma don Allah kar ku haɗa ter da nitir, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a bayan soket, ranar da nitir ya tsinke jikin firizar gaba ɗaya wuta zai zama.

Sai diferansiyel na 30mA a gaban layin, shi ne ke jin wuta ta zube ya yanke nan take. Mai gida zai yi ƙorafin kuɗi, ku zauna ku yi masa bayani, in ya ƙi ni dai yanzu ba na karɓar aikin. Kafin ku tafi ku nuna wa matar gida maɓallin gwajin da ke jikinsa, ta riƙa dannawa duk wata, in bai faɗi ba ta kira ku.