Kwanan Tanti a Bakin Mayo Kam

Gashaka Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru, kuma a 1991 aka haɗe gandayen Gashaka da Gumti suka zama ɗaya. Mu ta Jalingo muka bi, muka wuce Bali zuwa Serti, inda ofishin gandun yake. Nan ake biyan kuɗin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin daji, don ba a barin baƙo ya kutsa shi kaɗai.

Da hunturu muka je, kuma shi ne lokacin zuwa. Da damina koguna kan cika su yanke hanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaɓen wurin kafa tanti. Muna isa bakin kogin Mayo Kam idon kowa ya tafi kan wani farin yashi mai laushi dab da ruwa. Dattijon da ke mana jagora ya girgiza kai, ya nuna mana wani lungu da ciyawa ta kwanta, da manyan sawu a cikin laka. Hanyar dorina ce. Da rana tana cikin ruwa, da dare take fitowa kiwo, kuma duk abin da ya shiga tsakaninta da kogi ya shiga uku. Sai muka hau tudu, inda ƙasa ke da tauri har turakun tanti suna lanƙwasa. An yi gunaguni, amma can cikin dare da muka ji gurnaninta daga ƙasa, babu wanda ya sake tayar da zancen yashi. Wanka ma sai inda ya nuna, saboda kada.

Na biyu sanyi. Da azahar zufa za ka yi ta yi, ga tsando na cizo ta cikin riga, musamman idan baƙa ce ko shuɗiya, don launukan da ke jan shi ke nan. Amma kafin asuba sanyin kwari yana shiga har ƙashi, alwala da ruwan kogin kuwa sai mai ƙarfin hali. Bargo biyu ba almubazzaranci ba ne. A shimfiɗa leda ƙarƙashin tabarma saboda raɓa.

Guzuri kuwa, kilishi da ƙuliƙuli da garin kwaki sun fi burodi rufin asiri. Ruwan sha a tafasa shi. Sannan a ɗaure bakin jaka, domin gwaggon biri ba ya jin kunyar baƙo.

Mun hau ganin kangon ganuwar da Jamusawa suka bari kusa da ƙauyen Gashaka tun zamanin da suke mulkin Kamaru. Ni dai hangen kwarin daga sama ya fi burge ni a kan duwatsun ginin. Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan mai mita 2,419, ba mu tunkare shi ba; tafiyar kwanaki ce a ƙafa, tana son 'yan dako da shiri nata daban. Wanda ke da wannan niyya ya faɗa tun a Serti, kuma ya riƙo tsabar kuɗi, don da an nausa ciki sabis na waya yake ɗaukewa.